Kalma Ɗaya da ta Rage a Bakin Baba

Mahaifina da baki yake ci. Shekara 32 ya yi yana dillancin hatsi a kasuwar Dawanau, kuma duk tsawon wannan lokaci bai taɓa mallakar gona ko motar ɗaukar kaya ba. Jarinsa harshensa ne da amanar da mutane suka ba shi. Manomi zai iso da buhunan gero yana hangen farashin sama, ɗan kasuwa ya zo daga Kudu ko daga Maraɗi yana taya na ƙasa, sai Baba ya shiga tsakani, ya ja wannan gefe ya raɗa masa magana, ya koma ya tsokani wancan har ya dara, kafin a jima ka ji an sallama. Da la'adar da yake samu ya ciyar da mu, ya aurar da yayyena mata biyu, ya biya mini kuɗin makaranta har na karɓi digiri a kimiyyar harshe. Ranar da na kawo masa takardar sakamako ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Ɗan boko, wato shekara huɗu ka yi kana karanta abin da nake yi kyauta a kasuwa?"

Wata biyar bayan wannan zolaya, wata Talata cikin hunturu, ya dawo daga sallar asuba ya zauna a tabarma, Umma ta ajiye masa koko da ƙosai. Ina daga ɗaki na ji ƙarar ludayi ya faɗi. Da na fito sai na tarar da hannunsa na dama a yashe kamar ba nasa ba, bakinsa ya karkace, yawu yana zuba a gefen gemunsa. Idanunsa a buɗe suke tar, yana kallona, leɓɓansa suna motsi, amma babu abin da yake fita.

Abin da muka yi daga nan shi ne abin da nake jin nauyin rubutawa. Muka kwantar da shi, aka shafa masa man zaitun, aka yi hayaƙi, aka aika a kira Gwaggo. Wani maƙwabci ya ce iska ce ta buge shi a hanyar masallaci, wani ya ce dillali ba ya rasa mahassada. Kowa da niyyar alheri ya zo, kuma ba na ganin laifin addu'ar da aka yi. Laifin da nake gani nawa ne. A aji uku na jami'a na zana hoton ƙwaƙwalwa a takardar jarrabawa, na nuna da kibiya inda magana take fitowa, na rubuta cewa idan jini ya yanke wa wurin nan mutum zai rasa baki tare da ɓarinsa na dama. Na ci maki mai kyau. Amma da abin ya zo tsakar gidanmu sanye da rigar mahaifina, ban gane shi ba. Sai bayan la'asar muka sa shi a mota.

A asibiti aka ɗauki hoton kansa. Likitar da ta duba shi, wata mai sanyin murya, ta ɗaga hoton ta nuna mini wani duhu a gefen hagu. Ta ce gudan jini ne ya toshe wata babbar jijiya mai shayar da wannan yanki, kuma hawan jinin da ya daɗe yana ɗauke da shi ba a kula ba shi ne ya share wa ciwon hanya. Ta ƙara da cewa akwai allurar da kan narkar da irin wannan gudan jini, amma cikin awa huɗu da rabi na farko kawai ake yin ta. Ba ta faɗa don ta ɗora mini laifi ba, ni ne na lissafa awannin da kaina. Daga baya na karanta cewa an ƙiyasta ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ne ke mutuwa a kowane minti idan babbar jijiya ta toshe. Da na sani ƙeya ce, in ji masu iya magana.

Gwaggo ce ta fara ƙorafi da ta ji bayanin. Ta ce, "Kai yaro, anya likitocin nan sun san abin da suke yi? Ciwo yana dama, su suna duba hagu." Ashe tambayar da ta yi ita ce ƙofar shiga ilmin gaba ɗaya. Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, hagu da dama, da wata gada ta zaruruwa kimanin miliyan 200 da ta haɗa su. Saƙon motsi da ke saukowa daga kowane ɓari yana tsallakawa zuwa ɗaya gefen a can ƙasa, dab da inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka. Saboda haka ɓarin hagu ne ke juya hannun dama da ƙafar dama. Na kwatanta mata da mai keken ɗinki da ya harɗe zare, ta yi shiru, sannan ta ce ikon Allah ya wuce haka.

Kwana uku Baba bai furta komai ba. A na huɗu, ina ba shi ruwa da cokali, ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Albarka." Na yi tsalle na kira Umma. Muka tambaye shi jikinsa, ya ce albarka. Muka ce ko yana son shayi, ya ce albarka. Aka nuna masa ni aka ce wane ne wannan, ya dube ni, jijiyar wuyansa ta tashi, hawaye ya taru a idonsa, ya ce albarka. Duk cikin dubban kalmomin da ya yi shekaru yana juyawa kamar waina, wannan kaɗai ta rage masa: kalmar da mai kaya yake faɗa idan an yi masa tayin da bai kai ba.

Daga ranar 'yan dubiya suka yanke hukunci. Za su shigo su yi mana sannu, mu da ke tsaye, su dube shi su girgiza kai, su ce, "Allah sarki, ba ya cikin hayyacinsa." A gabansa ake zancen wanda irin wannan ciwo ya kashe. A gabansa wata ta tambayi Umma ko ya bar wasiyya.

Ban zarge su ba, domin harshenmu ma haka ya raine mu. Mu a wajenmu zuciya ce gidan komai: ita ke saƙa, ita ke raya wa mutum abu, ita ke baƙi, ita ke fari, a cikinta ake riƙe mutum. Ba mu kaɗai muka yi wannan zato ba. Aristotul na Girka ya ɗauka zuciya ce ke tunani, ƙwaƙwalwa kuwa aikinta sanyaya jini. Masarawan zamanin Fir'auna idan za su adana gawa sukan zaƙulo ƙwaƙwalwa ta hanci su zubar, su bar zuciya a mazauninta. Ko da muka koma kan kai, muka ce wane yana da kai, wane kansa ya taɓu, har yanzu abu ɗaya dunƙulalle muke ɗaukar hankali: ko yana nan duka, ko ya tafi duka. Kuma da baki muke auna shi. Wanda ya kasa amsa gaisuwa, a ganinmu ya fita daga sahun masu hankali.

Ni ke kwana da shi. Cikin dare, idan ɗakin ya yi tsit sai tarin marasa lafiya, nakan buɗe tsofaffin darussana a waya in karanta, wannan karon ba don maki ba. Sai na riƙa yin abin da mai gida yake yi bayan gobara: ya ɗauki fitila ya bi ɗaki-ɗaki, ya ga wanne ya ci, wanne ya tsira.

Gidan kansa ɗan ƙarami ne. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta wuce kilo 1.4 ba, ba ta ma kai nauyin kwanon gero ba, kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki. Amma ita kaɗai take cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa, kuma ba ta da rumbun ajiya, abin da jini ya kawo yanzu shi take ci yanzu. Shi ya sa yankewar jini na ɗan lokaci yake yi mata mummunar ɓarna. A cikinta akwai ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86.

Daga ƙasa na fara, daga kututturen ƙwaƙwalwa, wanda ya haɗa ta da laka. Shi ne ma'aikacin da ba ya hutu: numfashi, bugun zuciya, haɗiya, tari, farkawa daga barci, duk a hannunsa suke, ba tare da an umarce shi ba. Na zauna ina kallon ƙirjin Baba yana hawa yana sauka, na ce wannan ɗaki lafiya lau. A bayan kututturen, can ƙasan ƙeya, akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Kashi 10 cikin 100 ce kawai ta nauyin duka, amma kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin a cikinta suke cunkushe. Ita ke daidaita motsi. Ita ce ke sa mai tallar fura ta tsallake kwata da ƙwarya a ka ba ta riƙe ba, ita ke sa ɗan dako ya hau siririn katako da buhu a wuya ya shiga tirela. Da safe likita ta ce Baba ya taɓa hancinsa da yatsan hagu, sannan ya taɓa yatsanta. Ya yi tsaf, ba kuskure.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ake kira talamus, wanda da Baba zai ji aikinsa da ya ce abokin sana'arsa ne. Dillali ne. Abin da ido ya gani, da abin da kunne ya ji, da abin da fata ta taɓa, duk a wajensa suke fara sauka, shi kuma ya miƙa kowanne ga mai shi. Ƙanshi da wari ne kawai ba sa biyan la'ada, suna da hanyarsu ta kai tsaye. A ƙarƙashinsa akwai haifotalamus, ɗan mitsitsi, mai kula da yunwa da ƙishirwa da zafin jiki da lokacin barci. Kusa da nan, a kowane gefe, akwai amigdala, mai gadin gida, wadda ke sa gaban mutum ya faɗi ya yi tsalle kafin ya tantance igiya ce ko maciji. Na ga aikinta duk lokacin da aka nufo Baba da allura.

Ɗakin da na fi jin tsoron leƙawa shi ne na tunawa. A 1953, a Amurka, aka yi wa wani saurayi ɗan shekara 27 mai suna Henry Molaison tiyata don a raba shi da farfaɗiya. Aka cire masa wani yanki daga can cikin ƙwaƙwalwa ta gefen kunnuwa biyu, har da mafi yawan wani lanƙwasasshen sashe da ake kira hifokamfas. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar bai ƙara ajiye sabon abu a kansa ba. Yana tuna ƙuruciyarsa, yana hira daidai, amma idan ka fita ka dawo bayan ɗan lokaci sai ya karɓe ka a matsayin baƙo. Haka ya rayu har 2008. Abin mamaki, da aka riƙa koya masa zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi, kullum hannun yana ƙara ƙwarewa, alhali shi yana cewa bai taɓa gwadawa ba. Daga kansa aka gane cewa tunawa ma ba ɗaki ɗaya ba ce: ajiyar labari daban, ajiyar gwaninta daban. Wata rana da dare na ce wa Baba gobe zan kawo masa rediyonsa. Washegari na shigo hannu rabbana, na manta. Ya dube ni, ya nuna kunnensa da yatsa, ya haɗe gira. Ban taɓa jin daɗin an kama ni da laifi kamar ranar ba.

Sai na hau sama, zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa, wannan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake gani a hoto. Kowane ɓari an kasa shi huɗu. Sashen ƙeya shi ke gani. Ido taga ce kawai, a bayan kai ake fassara abin da ya shigo, har mutum kan makance idan wurin ya lalace alhali idanunsa garau. Na yi murmushin takaici da na tuna karin maganar da ke damuna: ashe ƙeyar da muke cewa tana baya, da ita muke gani. Sashen gefen kunne shi ke ji, yana kuma taimakawa wajen gane fuska da ma'anar kalma. Sashen tsakar ka shi ke karɓar taɓi da sanin inda gaɓoɓi suke da inda abubuwa suke a kewaye. Wanda ciwo ya taɓa masa wannan sashe ta dama yakan cinye rabin tuwon da ke gabansa ya bar na hagu, ba don ya ƙoshi ba, sai don hagu ta fita daga duniyarsa.

Tsakanin tsakar ka da goshi akwai wani ɗan siririn yanki da ke ba gaɓoɓi umarnin motsi. Wani likitan tiyata a birnin Montreal na Kanada, Wilder Penfield, shi ya fitar da taswirarsa. Da yake ƙwaƙwalwa ita kanta ba ta jin zafi, yakan yi wa masu farfaɗiya aiki suna farke, ya taɓa wuri da 'yar wutar lantarki, sai yatsa ya motsa, ya taɓa wani, sai leɓe ya motsa. Ya tarar rabon ba daidai yake da girman gaɓa ba: hannu da leɓɓa da harshe sun kwashe fili mai yawa, gadon baya kuwa ɗan kaɗan. A taswirar, fuska tana maƙwabtaka da hannu, ƙafa kuma tana can sama, inda wata jijiyar dabam take shayarwa. Nan na fahimci dalilin da ya sa ƙafar Baba ta fara motsi tun mako na biyu, hannu da baki kuwa suka ƙi.

Sashen goshi shi ne babba, shi ne mai tsara gobe, mai auna riba da hasara, mai taka wa mutum burki. Abin da muke kira kunya da kawaici da haƙuri, a nan suke da gindi. A 1848 wani shugaban leburorin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a jihar Vermont ta Amurka, Phineas Gage, yana dannan albarushi a ramin dutse sai ya tashi, wani ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya ya shiga ta kumatunsa na hagu ya fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba, bai rasa magana ba, ya ƙara shekara kusan 12 a duniya. Amma likitan da ya yi jinyarsa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai gaggawa da ashar, marar tsayawa kan shawara, har abokansa suka ce ba shi ba ne. Gage ya tsira da bakinsa, halinsa ya taɓu. Baba kuwa akasin haka. Duk lokacin da zan sauya masa tufafi sai ya juya fuskarsa ga bango ya runtse ido, kuma bai taɓa yarda ya ci abinci a gaban mazan yayyena ba. Kunyarsa tana nan yadda na san ta.

Saura ɗaki ɗaya, wanda na san wuta ta ci. A 1861 aka kawo wa wani likita a birnin Faris, Paul Broca, wani majinyaci mai suna Leborgne, wanda ya shekara 21 a asibiti ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, "tan", har ta zama sunansa. Broca ya lura mutumin yana fahimtar abin da ake faɗa masa, yana sauya muryar wannan gaɓa gwargwadon abin da yake nufi, yana nuna lissafi da yatsu. Da ya rasu bayan 'yan kwanaki aka buɗe kansa, aka sami lalacewa a ƙasan sashen goshi na hagu. A 1874 kuma wani matashin likita Bajamushe, Carl Wernicke, yana ɗan shekara 26, kusan sa'ana, ya bayyana wasu marasa lafiya masu akasin wannan: magana tana zuba daga bakinsu kamar ruwa amma ba ma'ana, kuma ba sa gane abin da ake gaya musu. Nasu ciwon yana baya, a sashen gefen kunne na hagu. Wato wurin ƙera magana daban, wurin fahimtarta daban. Duhun da ke hoton Baba a gaba yake. Na ajiye wayar, na matsa kusa da kunnensa na ce, "Baba, na san kuna jin duk abin da ake faɗa." Ya damƙe hannuna da hannunsa na hagu har sai da na ji zafi.

Sanin abu daban, samun bakin faɗarsa a gaban manya daban. Mako uku bayan an sallamo mu, kuɗi suka ƙare, ga magani, ga kuɗin gashi. Baffa, ƙanin Baba, ya tara mu a zaure bayan sallar isha'i. Baba yana jingine da matashi a gefe, an sa shi a tsakiyar taron kamar yadda ake ajiye fitila. Baffa ba mugu ba ne, shi ya biya kuɗin hoton ma. Ya ce tunda Yaya ya zama sai yadda aka yi da shi, shawararsa a sayar da rumfarsa ta kasuwa, kuma har an samu mai so. Ya faɗi abin da aka taya. Na buɗe baki zan yi magana na kasa, domin ban saba katse babba ba.

Sai muka ji an daki tabarma. Baba ne, da tafin hagu. Ya ɗago kai, ya kalli Baffa ido cikin ido, ya ce, "Albarka!" Ba irin wadda yake faɗa idan an ba shi ruwa ba. Ta kasuwa ce, mai ja a ƙarshe, wadda yake jefa wa ɗan kasuwar da ya raina masa kaya. Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Zauren ya yi tsit.

A nan na sami ƙarfin hali. Na ce, "Baffa, ku gafarce ni, Baba yana ji, kuma yana ganewa. Bakin ne kawai ya ƙi. A tambaye shi." Baffa ya yi jim, sannan ya matso ya ce, "Yaya, a sayar?" Baba ya girgiza kai. Na ɗauko wayarsa na fara karanta sunayen abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya, ina tambaya ko yana bin wannan bashi. Wani ya girgiza kai, wani ya gyaɗa, ya ɗaga yatsu ya nuna adadin buhuna. Mutum bakwai ya lissafa. Da gari ya waye aka kira yaron rumfarsa ya zo da littafinsa, shida suka yi daidai, na bakwai kuwa yaron ne ya manta bai rubuta ba, kuma mutumin da kansa ya amsa. Abin da aka karɓo ya riƙe mu wata huɗu. Baffa ya share hawaye da bakin hularsa ya ce, "Yaya, ka yafe mini, a gabanka na riƙa magana kamar ba ka nan."

Ba zan ce daga nan komai ya warware ba. Fahimtar tasa ma tana da iyaka: idan jimla ta yi tsawo ta harɗe, ko mutum biyu suka yi magana lokaci guda, sai ya ɓace. Rubutun ajamin da yake yi ya tafi tare da maganar, domin ciwon ba a harshe yake ba, a can inda ake haɗa kalmomi yake. Wasu ranakun yakan ƙi kowa, ya kwanta yana kallon rufi. Ni ma na gane taswirar da na haddace ta fi abin da ke cikin kai sauƙi. A 2007 masu bincike sun sa ƙwaƙwalwar Leborgne, wadda har yanzu take adane a Faris, cikin na'urar ɗaukar hoto, suka tarar ɓarnar ta nutsa ciki fiye da yadda Broca ya gani, har ta yanke hanyoyin da ke haɗa sashe da sashe. Ɗakunan suna da ayyukansu, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka; kalma guda kafin ta fito sai wurare da yawa sun sa hannu.

Wannan haɗin kai shi ne kuma ƙofar sauƙi. Wata magariba, lasifikar masallacin unguwa tana kawo karatun liman, sai muka ji Baba yana bi, Fatiha tun daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe. Umma ta saki kwanon da ke hannunta ta fashe da kuka. Da aka idar na ce ya faɗi sunana, ya ce albarka. Likitoci sun daɗe da sanin haka: abin da aka haddace aka maimaita dubban sau, da abin da ke da rauji, ba lallai ya bi ta ɗakin da ya ƙone ba, ɓarin dama da sassan can ciki suna da hannu a cikinsa. Yana iya ƙirga ɗaya zuwa goma tiryan-tiryan, amma idan na ɗaga yatsu huɗu na ce nawa ne, sai ya faro daga ɗaya ya tsaya a huɗu. A 1973 wasu masana a birnin Boston suka gina hanyar jinya a kan wannan: a rera wa majinyaci gajeriyar magana, ana bubbuga hannunsa na hagu, har ya iya bi, sannan a janye waƙar sannu a hankali. Da shawarar mai yi masa gashi muka gwada a gida. Kowace safiya nakan zauna gabansa in rera "ina kwana" kamar mai koya wa yaro, ina jin kunya, shi ma yana ji. Ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa, amma maƙwabtansu suna iya koyon wani abu daga aikinsu idan an nace. A wata na biyar ya ce "ruwa". A na bakwai ya ce "gero".

Yau shekara biyu ke nan. Kalmominsa ba su fi a ƙirga ba, hannun dama bai dawo ba, yana tafiya da sanda. Rumfar tana nan. Ƙanena ne ke zama a cikinta, kuma sau biyu a mako ana kai Baba ya zauna a kujera daga ciki. Ƙanena ne baki, Baba ne kai: ya damƙi hatsi da hagu, ya murza, ya shinshina, ya ɗaga yatsu ko ya girgiza kai. Tsofaffin abokan cinikinsa sun koyi tambayarsa abin da za a amsa da i ko a'a. Ni kuma na zama abin tsokana a dangi, domin duk taron suna ko biki da na'urar awon jini nake zuwa, kuma na gaya wa kowa cewa ranar da ya ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a yi addu'ar a cikin mota.

Idan na ga 'yan dubiya sun kewaye wani marar lafiya suna zancensa a gabansa, nakan tsallake su in durƙusa in gaishe shi shi kansa, in jira, ko da amsar ba za ta zo ba. Ban san ko wane ɗaki ne ya ci a gidansa ba, amma na koyi kada in ɗauka mai gidan ya fita don kawai ƙofar zaure ta ƙi buɗuwa.

Watan jiya na je yi masa sallama zan koma wajen aiki. Na durƙusa na ce, "Baba, zan tafi, a sa mini albarka." Ya ɗora hannun hagu a kaina ya daɗe. Na ga leɓɓansa suna kokawa, na san kalmar da ke tafe, wadda a wannan karon ta dace da wurinta. Amma ba ita ya faɗa ba. Ya ja numfashi, ya ware gaɓoɓin ɗaya-ɗaya kamar mai ƙirga kuɗi, ya ce, "Ɗan... bo... ko." Sannan ya yi dariya da rabin bakinsa.